Amsar Kawu Ɗanladi kan bushin ɗin motar Auwalu

Salamu alaikum jama'ar guruf. Auwalu, na ji muryarka tun da hantsi, ina tuƙi ne a hanyar Ikorodu shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Ka ce Corolla ɗinka 2006 tana ƙwanƙwasa ta gaba idan ka faɗa rami, bakanike ya ce bushin ɗin lowa am ne, wato robar da ke cikin ƙarfen ƙasa mai haɗa gindin taya da jikin mota, kana tambaya ko za ka iya canzawa da kanka a gida ranar Lahadi. To ni dai abin da na ji a muryarka, kuɗin da ya yanka maka ne ya ba ka haushi, kuma ba ka yarda da shi ba. Ka faɗi gaskiya kawai, ba abin kunya ba ne.

Za ka iya. Amma rabi za ka iya a gida, rabin kuwa sai ka fita da ƙarfen. Bari in yi maka dalla-dalla.

Da farko ma, wa ya tabbatar maka bushin ne? Ƙwanƙwasar gaba ai ba bushin kaɗai ke yin ta ba. Linkejin stabilaiza yana yi, boljoyin (mahaɗin am da gindin taya) yana yi, tayarod yana yi, shokazoba ma idan ta mutu tana yi. Ka ɗaga motar, ka sa ƙarfen cire taya tsakanin am ɗin da jikin mota, ka ɗan banƙara. In ka ga robar ta tsage, ko ta rabu da ƙarfen da ke tsakiyarta, ko am ɗin yana wasa gaba da baya, to shi ne. Sannan ka lura idan ka taka birki, motar tana ja gefe ɗaya? Sitiyari yana yawo a kan gadar Third Mainland, inda hanya take miƙe ba rami? Taya tana cinyewa ta ciki? In duk akwai waɗannan, bakanikenka bai yi ƙarya ba, kuɗin ne kawai ya cika.

To, maganar ɗagawa. Auwalu, don girman Allah kada ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak ɗin nan da ke zuwa a but. Kuma kada ka ɗora ta a kan bulon siminti, bulon nan mai rami a ciki farfashewa yake yi ba sallama. Ka aro ƙafafun ƙarfe guda biyu, irin waɗanda ake ɗora mota a kai bayan an ɗaga ta, ka ja birkin hannu, ka tare tayoyin baya da katako, tayar da ka cire kuma ka tura ta ƙarƙashin motar. Kuma tsakar gidanku na Agege na san shi, gangare ne, ka nemi wuri mai lebur.

Tun daren Asabar ka fesa wa notinan WD-40. Motar Legas ba motar Kano ba ce, kowace damina sai ta yi iyo a ruwan kwata, ga iskar teku mai gishiri. Dogon notin nan yakan yi tsatsa ya manne da bututun da ke cikin bushin, ka juya ka juya, robar ce ke juyawa, shi ko gezau. Wannan shi zai iya cinye maka Lahadin gaba ɗaya.

Am ɗin motarka bushin biyu gare shi, ƙarami a gaba wanda notinsa ke kwance, babba a baya wanda notinsa ke tsaye. Sai boljoyin da ke ɗaure a bakinsa, shi cire shi ba wuya. Abin da zan ja maka kunne, idan ka saki am ɗin kada ka fizgo gindin tayar waje, shaf, ƙarfen da ke juya tayar, zai iya zarewa daga giyabos, mai ya tsiyaye, aiki ɗaya ya zama biyu. Ka kula da wayar ABS ma. Af, na manta, taka otomatik ce ko? To ka duba notin gaban nan da kyau kafin ka fara, a wasu motocin ba ya fita har ƙarshe, yana tokare da tiren giyabos, wato farantin mai da ke ƙarƙashinsa, sai an sassauta kujerar inji an ɗan ɗaga shi. In ka ga haka, ka sa katako tsakanin jak da ƙarfe, kada ka lotsa tiren.

Yanzu ga inda na ce sai ka fita. Bushin ba da hannu aka sa shi ba, da injin matsa aka tura shi, kuma da injin matsa yake fita cikin mutunci. Na san yara za su ce maka a ƙone robar da wuta, a yanka zoben da zarto, a buge da kurfi. Ana yi, ni ma na yi a da. Amma hayaƙin ya hana maƙwabta sakat, in zarton ya zarce ka ji wa am ɗin ciwo, sabon kuma in ka buga shi da guduma ya shiga a karkace. Ka sa am ɗin biyu a buhu, ka hau mota zuwa Ladipo, kasuwar kayan mota can Mushin, ka sayi bushin ɗin, a nan kusa za ka samu masu injin matsa su cire su sa maka kana tsaye. Kai, tsaya, Lahadi fa ka ce. Lahadi kasuwar ba ta ci sosai. To ka mayar da aikin Asabar, feshin ya koma daren Juma'a.

Kafin su cire tsohon, ka sa alli ko fenti ka yi alama. Babban bushin ɗin nan ba roba ce cike ba, akwai ramuka a jikinsa, kuma inda ramukan suke kallo da ma'ana. In aka juya shi, motar za ta yi tauri inda ya kamata ta yi laushi. Ka tsaya a kansu, kada ka tafi shan shayi.

To ga abin da ya sa na ɗauki waya tun farko, duk sauran share fage ne. Kada ka ɗaure notin bushin ƙarshe mota tana rataye. Ka ji ko? Robar nan a manne take da bututun ciki, ba juyawa take yi ba, murɗewa take yi. In ka ɗaure tam taya tana lilo a sama, da ka sauke motar nauyi ya hau, robar ta riga ta murɗe tun mota tana tsaye. Duk ramin da ka faɗa ƙari ne a kan murɗar. Wata nawa za ta yi?

Ni abin ya ci ni, shi ya sa nake zafi. Lokacin ina da Camry ɗin nan ruwan toka, Alhaji Sabo zai tuna ta, wadda muka je ɗaurin aure Shagamu da ita. Na kai wa wani bakanike, ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da ransa. Na sayi bushin mai kyau da kuɗina, na miƙa masa. Ina zaune a benci ina kallo ya shafa masa baƙin mai wai don ya shige da sauƙi, ya ɗaure komai mota tana sama, har yana taka sifana da ƙafa yana nuna min ƙarfi. Ni kuma lokacin ban san komai ba, har na ƙara masa na ruwa. Ba a rufa wata huɗu ba ƙara ta dawo. Na koma, ya leƙa, ya ce Alhaji ai hanyar Apapa ce, ai kayan yanzu duk jabu ne. Na sake saya! Sau biyu fa, Auwalu. Sai wani dattijo Bayarabe mai alaimen, wato mai saita tayoyi, ya ga robar, ya ce wa ya ɗaure maka wannan a sama? Kuma ya ce baƙin mai da giris cin roba suke, in ana son santsi ruwan sabulu ake sawa. Na koma wa mutumin nan da maganar, ka san me ya ce min? Wai shekara ashirin yana aikin nan ba wanda ya taɓa koya masa. Har yau in na wuce ta gaban garejinsa sai ya ɗaga min hannu, ni kuwa... to, a bar maganar, azumi na tafe.

Ina nake? Ɗauri. Ka sa notinan duka, ka kama su daidai ba tam ba. Ka mayar da taya, ka sauke motar a kan katakai masu kauri don ka samu wurin sa hannu, ka danna gabanta sau uku huɗu ta zauna, sannan ka ɗaure. Ko kuma tana kan ƙafafun ƙarfen, ka sa jak a ƙarƙashin am ɗin wajen boljoyin, ka ɗaga har nauyin motar ya hau kansa, ka ɗaure a haka. In gyara maganata, wanda abin ya fi shafa shi ne ƙaramin na gaba mai kwantaccen noti, amma ka yi musu duka haka, ba ka rasa komai ba. In za ka samu sifana mai awo, ka duba adadin da littafin motar ya ce, ya fi taka sifana da ƙafa.

Gefe biyu za ka canza, ba ɗaya ba, tare suka tsufa. Kuma washegari ka kai alaimen, in ba haka ba kuɗin da ka tsira da shi taya za ta cinye.

Wani a guruf ya ce ka sayi am tokumbo gaba ɗaya ka huta. Ban ƙi ba, in boljoyin ɗinka ma ya mutu ko am ɗin ya lanƙwashe. Amma tokumbo robarsa ita ma ta tsufa a can Turai ko Amurka kafin ta hau jirgi, sai ka banƙara ta a gaban mai shago ka ga ko ta tsattsage, don wasu har baƙin fenti suke fesa mata ta yi ƙyalli.

Ka ɗauko min hoton bushin ɗin na baya, gefen direba, ka haska da tocila. In ka tsayar da Asabar ɗin, ƙafafun ƙarfena suna shago, ka turo yaro ya karɓa, amma a dawo min da su, sifanata mai lamba 19 da Musa ya ara har yau ban gan ta ba. An kira la'asar, sai na ji ka.