Zan koma Ingila da aiki, yaya zan tafi da kyanwata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, na samu aiki a Manchester, nan da wata 2 zan tashi in Allah ya yarda. Ina da kyanwa da na raina tun idonta bai buɗe ba, yanzu shekararta 3. 'Yan gidanmu suna ta yi mini dariya, wai ko can babu mage ne. Ni kuwa ba na jin zan iya barinta. Zan iya shiga jirgi da ita? Me ake buƙata?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya sanya albarka a sabon aikin. Kada dariyar ta dame ki. Wanda ya san hadisin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha, ya san dabbar da ke hannun mutum amana ce. Sai dai zan fara da abin da ba za ki so ji ba: nan da wata 2 kyanwarki ba za ta iya shiga Birtaniya ba, sai dai in killace ta za a yi. Mafi ƙarancin lokacin da shirin yake ci wata 4 ne, kuma sai an bi matakan a jere, ba a tsallake ko ɗaya ba.

Dalilin tsananin shi ne ciwon haukan kare. Duk da sunansa, kyanwa ma tana kamuwa kuma tana sa wa mutum. Rabon da a samu cutar tana yawo tsakanin karnuka da makamantansu a Birtaniya tun 1922, shi ya sa suke tsaron ƙofarsu. Kafin shekarar 2000, kusan duk kare ko kyanwar da ta shiga sai an killace ta wata 6. Yanzu sun raba ƙasashe aji-aji, Najeriya kuwa tana cikin waɗanda ba su amince an shawo kan cutar ba, don haka dabbobinmu doguwar hanya suke bi.

Matakin farko shi ne a sa mata maikurocif, 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa da ake tura wa ƙarƙashin fata a tsakanin kafaɗu. Ki nemi mai lamba 15 irin ta ma'aunin duniya da ake kira ISO, ki kuma sa likita ya ɗora na'urar karantawa a gabanki lambar ta fito. Sai bayan nan a yi allurar riga-kafin haukan kare. A nan mutane suka fi faɗuwa. Sai ki ga mutum da katin riga-kafi cike da hatimi na shekara da shekaru, amma da yake an yi alluran kafin a sa na'urar, ba sa lissafa ko ɗaya, don babu hujjar cewa wannan kyanwar aka yi wa. Ko da watan jiya aka yi wa taki, sai an maimaita. Ana iya yin biyun rana ɗaya, muddin na'urar ce ta riga shiga.

Daga ranar allurar sai a ƙirga aƙalla kwana 30, a ɗebi jininta a aika ɗakin gwaje-gwajen da suka amince da shi. Ba kowane ɗakin gwaji ba ne, akwai jerin sunayen da suka fitar, irin su na Nancy a Faransa da na Onderstepoort a Afirka ta Kudu. Abin da ake aunawa shi ne ko jikinta ya samar da garkuwa, kuma sakamakon dole ya kai 0.5 IU, wato ma'aunin yawan garkuwar, a kowace mililita ta ruwan jini, ko ya wuce. In ya gaza, sai a sake allura a sake gwaji. In ya yi kyau, sai jiran wata 3, ana ƙirgawa daga ranar da aka ɗebi jinin, ba ranar da sakamako ya dawo ba. Wannan jiran ba don wahalarwa ba ne. Ƙwayar cutar tana iya kwanciya a jikin dabba makonni ko watanni ba alama, gwajin kuma ba ya bambance garkuwar allura da ta kamuwa. Lokaci ne kaɗai ke tantancewa. Abin daɗin shi ne gwajin sau ɗaya ake yi, matuƙar ba a bari wa'adin allurar ya ƙare ba kafin a sabunta.

Idan tafiya ta matso, likitan dabbobi na gwamnati zai cike takardar lafiya irin wadda Birtaniya ta tsara, kuma dole kyanwar ta sauka cikin kwana 10 da sa hannunsa. Akwai kuma izinin fitarwa daga ɓangarenmu, sai ki tuntuɓi hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, NAQS, tun da wuri. Ki zauna da kanki ki bi lambar na'urar ɗaya bayan ɗaya a kan kowace takarda. Kuskuren lamba guda ya isa a tsare ta a killace har wata 4, kuma ke za ki biya kuɗin.

Batun ɗaukarta a cinya cikin jirgi kuwa, ki cire shi daga ranki. Kyanwar da za ta sauka Birtaniya a sashen kaya take tafiya, da takardar kaya tata daban, a kamfanin jirgi da hanyar da aka amince da su. Na san wannan yana tsorata masu dabbobi, amma wurin da ake ajiye su ana daidaita iska da ɗuminsa. A filin jirgin sama na Heathrow da ke London akwai cibiya ta musamman da ke karɓar dabbobi, a karanta na'ura, a duba takardu, sannan a miƙa wa mai ita bayan wasu sa'o'i. Kuɗin jigila da na dillalin da zai fito da ita yana iya kai kuɗin tikitinki ko ya zarce, don haka ki nemi farashi a rubuce.

To yanzu ya za a yi da ke da za ki riga ta tafiya? Akwai ƙa'idar cewa dabbar gida ta iso cikin kwana 5 kafin mai ita ko bayansa. In tazarar ta wuce haka, sai ta koma ƙarƙashin dokokin shigo da dabbobi na kasuwanci, masu ƙarin takardu da kuɗi. Shawarata, a sa na'urar a yi allurar cikin makon nan, a ɗebi jinin kina nan, ki bar ta hannun 'yar'uwar da kyanwar ta saba da ita, sannan ki dawo hutunki na farko ku tafi tare. Wannan jinkirin zai ma amfane ki, domin masu gidajen haya da yawa a can ba sa son dabba, ɗakunan da ake sauke sabbin ma'aikata kuma galibi ba a yarda da ita. Ki samu gidan da mai shi ya amince a rubuce kafin ki sayi tikitinta.

A watannin jiran ne za a saba mata da kejin tafiya. Ya zama mai ƙarfi, wanda za ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta a sake. A bar shi buɗe a ɗaki, a riƙa sa mata abinci a ciki, a shimfiɗa tsohon zanenki mai ƙamshin jikinki. Don Allah kada kowa ya ba ta maganin barci ranar tafiya. Yana saukar da hawan jini, yana hana ta daidaita jikinta, ga shi babu mai dubanta a sama. In kuma irin masu shafaffen hancin nan ce ta Farisa, ki faɗa wa kamfanin jirgi tun farko, wasu ba sa ɗaukarsu saboda matsalar numfashi.

Ba ki faɗa mini ko 'yar ɗaki ba ce ko mai yawon katanga. Mai shekara 3 da lafiyarta takan jure tafiyar. Amma wadda ta saba kwana a waje tana farautar ɓera za ta sha kewa a bene mai sanyi alhali kina aikin dare, wannan kuma ke kaɗai za ki iya aunawa. In kun isa, ki tsare ta a cikin gida makonni 3 zuwa 4 kafin ta leƙa waje, ki yi mata rajista da likitan dabbobi na unguwa, ki kuma shigar da lambar na'urarta da sabon adireshinki a rumbun bayanan da gwamnati ta amince da shi. Tun 10 ga Yuni 2024 wannan ya zama doka a Ingila ga duk kyanwar da ta kai mako 20, tarar ƙin yi kuma tana kai fam 500.