Re: Tafkin kifi da ruwan awaki a hunturun Manitoba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da sabon gida. Ka ce ka tarar da ɗan tafkin kifin ado a bayan gidan da ka saya a wajen birnin Winnipeg na lardin Manitoba a Kanada, kana kuma kiwon awaki da kaji, kana tambayar yadda za ka yi da su idan ruwa ya daskare. Na daɗe ina kiwo a nan, ga abin da na gani.

Kafin komai, ka auna zurfin tafkin tun yanzu. A nan sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili a watan Janairu, ƙanƙara kuma takan yi kaurin da ya kusa mita ɗaya. Idan tafkin bai wuce gwiwa ba, zai daskare har ƙasa, babu dabarar da za ta ceci kifin. Ka kwashe su a watan Oktoba ka zuba a babbar roba a ɗakin ƙasa, ka sa musu injin hura iska. Idan kuma tarwaɗa ko karfasa kake tunanin sakawa, ka haƙura har bazara, kifin ƙasa mai zafi ne.

Idan yana da zurfi sosai, koi (wani irin kifin ado) da jajayen kifin ado suna iya yin hunturun a ciki. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, shi ya sa yake kwantawa a ƙasa, ƙanƙara ta tsaya a sama. Can kifin suke lafewa, da kyar suke motsi. Abin da ke kashe su shi ne rufewar saman ruwan gaba ɗaya: ganyen da ya nutse yana ruɓewa, yana cinye iskar da suke shaƙa, mummunar iskar kuma ta rasa hanyar fita. Don haka ka tsame ganye da raga kafin sanyi ya kankama, sannan ka bar ƙofa ɗaya a buɗe a jikin ƙanƙarar da hita mai yawo a kan ruwa. Bakin injin iska kuma kusa da sama za ka rataye shi, don idan ka kai shi ƙasa zai gauraya ruwan da suke fakewa a ciki da mai sanyi. Idan ƙofar ta toshe, don Allah kada ka ɗauki guduma, girgizar tana yi wa kifi lahani. Ka ɗora tukunyar ruwan zafi a wurin, ita za ta huda. Abinci kuwa ka daina ba su da zarar ruwan ya sauka ƙasa da digiri 10, cikinsu ba ya narkar da shi a lokacin.

Awakin sun fi ba ni tausayi. Duk hunturu busasshiyar ciyawa suke ci kamar harawar rani a gida, ga ƙishirwa, amma ba sa son ruwa mai tsananin sanyi. Wani zai ce maka ai za su lasa dusar ƙanƙara. Ba ta isar akuya mai shayarwa, bunsuru kuma idan ya rage shan ruwa tsakuwa takan toshe masa fitsari, abin ba daɗin gani. Ka sayi bokiti mai hita, ka jona shi a soket ɗin da ke yanke wuta da kansa, wanda ake kira GFCI, ka ɓoye wayar a cikin bututu don akuya tana taunar komai. Ranar da ka ga sun zo bakin bokiti sun ja da baya, ka zare wutar ka duba, wataƙila tana ɗan jan su ne.

Ka ajiye baƙin bokitin roba mai laushi saboda ranar da wuta ta ɗauke. Kifa shi kake yi ka taka, ƙanƙarar ta faɗo, ka zuba musu ruwa mai ɗumi safe da yamma. Na kaji ma haka, akwai faifan hita da ake ɗora mazubinsu a kai. Tiyo kuma ka tsiyaye shi ka shigar ɗaki duk lokacin da ka gama. Ka turo mana zurfin tafkin da yawan kifin, sai mu ga ko za su zauna a waje. Allah ya sa albarka a kiwon.