Ko ya dace baƙo ya je kallon ƙwallo gidan mai masaukinsa a Abidjan?

Malam, ka tambaya ko ya dace ɗan Najeriya ya amsa gayyatar kallon wasa a gidan mai masaukinsa a Abidjan, ko kuwa zai jawo wa kansa tsangwama. Shawarata ita ce ka je.

Daga Agege na tashi, na bi ta Seme, Kwatano, Lome da Akara, na sauka wurin wani abokin ciniki a unguwar Adjamé, kuma a falonsa na kalli wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka tsakanin Najeriya da mai masaukin baƙi Kwaddibuwa ranar 11 ga Fabrairun 2024. Lokacin da Troost-Ekong ya ci mana ƙwallo da ka, ni kaɗai na miƙe, falon ya yi tsit, amma uwargida ba ta fasa ƙara mini acheke da soyayyen kifi ba. Acheken nan garin rogo ne da ake turarawa, yana da ɗan tsami, kuma da hannu ya fi daɗin ci.

Da Kessié ya farke wa Kwaddibuwa, Haller ya ƙara ta biyu, aka tashi 2 da 1, sai unguwa ta ɓarke da ganguna da ƙahon motoci. Matasa sun tsokane ni son ransu, suka yafa mini tutarsu, sannan maigidan ya kama hannuna ya rako ni har ƙofar ɗakina.

Ka riƙe tsaraba, ko da kilishi ne, ka gaishe da dattawan gidan kafin ka zauna, kuma idan titi ya cika, kada ka rabu da mai masaukinka.