Ina makin ɗalibi na farko ya shiga?

Na ga saƙonka na daren jiya a kan shirin da kake rubutawa da C, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Ka ce: "Maigida, na yi jerin makin ɗalibai biyar a C, na ajiye shi a saman fayil don kowane fankishan ya iya taɓa shi. Na zagaya daga 1 zuwa 5 ina bugawa ina tarawa, sai makin na farko ya ƙi fitowa, na ƙarshe ya fito da wata lamba da ban saka ba, jimlar kuma a main sifili ce."

To, yaro, kuskure biyu ka yi, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya.

Na farko shi ne ƙirga. Da ka rubuta int maki[5] (int na nufin cikakkiyar lamba), ka nemi gurbi biyar ne a jere cikin memori, amma lambobinsu 0, 1, 2, 3, 4. Lambar da ke cikin alamar [ ] ba matsayi take faɗa ba, nisa take faɗa daga bakin layi. A yawancin kwamfutocin yanzu int yana cin bayit 4, jerinka ke nan bayit 20. maki[0] yana nan bakin ƙofa, babu taku ko ɗaya. maki[3] ka yi taku uku, bayit 12 daga farko. Shi kuwa maki[5] da ka karanta, ka riga ka fice daga filinka, ka leƙa gidan maƙwabci. C ba zai tare ka ba. Tun da Dennis Ritchie ya ƙera shi a Bell Labs a 1972, ba ya duba iyakar jeri. Da Python ne, nan take zai tsaya ya ce maka IndexError. Karantawa ma da sauƙi. Ranar da ka rubuta wani abu a maki[5], kana iya goge wani ma'aji (gurbin da shirin ke ajiye ƙima) da ke kusa, ka kwana biyu kana neman ɓarawo alhali hannunka ne. Ni ma na taɓa kwana biyun nan a kan manhajar lissafin wani shago. Saboda haka rubuta for (i = 0; i < 5; i++), ka saba da wannan "ƙasa da" ɗin har ya zame maka jiki.

Na biyu, na duba fayil ɗin da ka turo. Kana da int jimla; a sama, sannan cikin fankishan ɗin tarawa ka sake rubuta int jimla = 0;. Wannan int ɗin na biyu sabon ma'aji ya haifa, takwaran na waje, ya tare shi. Duk abin da ka tara a na ciki ya shiga, fankishan na ƙarewa ya watse. Na waje ba wanda ya taɓa shi, kuma C yana fara irinsa da sifili da kansa, shi ya sa main, fankishan ɗin da shirin ke farawa da shi, ta nuna maka 0. Na cikin fankishan ba ya samun wannan gatan: in ba ka ba shi ƙima ba, duk sharar da ya tarar a memori ita zai riƙe.

Cire int ɗin na ciki, aiki zai tafi. Amma ni da zan zaɓa, jimlar nan ba za ta zauna a sama ba. Ma'ajin saman fayil randar tsakar gida ce, kowa na iya tsoma moɗa, in ruwa ya gurɓace ba ka san wa za ka tambaya ba. Miƙa wa fankishan jerin da tsawonsa, int tara(int m[], int n), ya dawo maka da amsa ta return. Dole ka haɗa da n, don jeri in ya shiga fankishan adireshin farkonsa kawai ke tafiya, tsawon ba ya bin sa.

In shirin ya girma har ya kai fayil biyu, za mu yi maganar extern. Yanzu dai ka gyara, ka haɗa shi da gcc -Wall -Wshadow, ka ga yadda gcc, manhajar da ke haɗa shirin C, zai nuna maka layin takwaran nan da kansa. Gobe in ka shigo shago ka zo da laftof ɗinka mu duba tare.