Ertugrul na Talabijin da Ertugrul na Tarihi

Tambaya: Na kalli shirin nan mai dogon zango na ƙasar Turkiyya, Diriliş: Ertuğrul, daga farko har ƙarshe. Shin abin da aka nuna a ciki haka ya faru a tarihi? Kuma a ina aka ɗauke shi?

Amsa: Ertugrul dai an yi shi. Shi ne mahaifin Usman na Ɗaya, wanda ake jingina wa kafa Daular Usmaniyya wajen shekarar 1299, kuma kabarin Ertugrul ɗin yana garin Sogut na ƙasar Turkiyya, inda ya rasu wajajen 1280. Sai dai shaidar da zamaninsa ya bari a kansa ba ta taka kara ta karya ba. Mafi ƙarfinta ita ce tsabar kuɗin da aka buga a lokacin ɗansa, mai ɗauke da sunan Usman ɗan Ertugrul. Littattafan da suka ba da labarinsa kuwa sai a ƙarni na 15 aka rubuta su, fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa, kuma ko a kan sunan mahaifinsa bakinsu bai zo ɗaya ba, domin wasu sun ce Sulaiman Shah, kamar yadda shirin ya ɗauka, wasu kuma sun ce Gunduz Alp.

Zamanin da aka gina labarin a kansa ya fi tabbata. Ala'uddin Kaikubad, sarkin Saljukawa (Turkawan da ke riƙe da yankin a lokacin), ya yi mulki daga 1220 zuwa 1237, kuma mayaƙan Mongol sun karya lagon daularsa a yaƙin Kose Dag a 1243. Shehin malamin nan Ibn Arabi ma ya rayu a lokacin, ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma zaman nasiha da aka riƙa nuna yana yi da Ertugrul marubutan shirin ne suka tsara shi, duk da cewa a ganina nan ne shirin ya fi ratsa zuciya.

Batun ɗauka kuwa, sansanin ƙabilar Kayi, wato ƙabilar Ertugrul a shirin, da tantunansa an gina shi ne a ƙauyen Riva da ke gundumar Beykoz, a gefen Istanbul. Kafin a fara aiki, ƙwararru daga Kazakistan sun horar da 'yan wasan, ciki har da Engin Altan Düzyatan da ya fito a matsayin Ertugrul, kan sukuwa da harbin kibiya da sara da takobi. Mehmet Bozdağ ne ya ƙirƙiro shirin, tashar TRT 1 ta haska shi daga Disambar 2014 zuwa Mayun 2019, zango biyar, kashi 150, kowane kashi yana cin kusan awa biyu.