Amsa ga Maman Uku: ki dafa wa gidanki, kar ki sayar ko kwano ɗaya

Wasiƙar da na ɗauko yau daga wata baiwar Allah ce da ke Ingila, ta ce in kira ta Maman Uku. Ga taƙaitaccen abun da ta rubuto:

"Anti dan Allah ki taimaka min. Ina karatun digiri na uku da bizar ɗalibi, maigidana ya biyo ni a matsayin iyali yana aikin dare, yaranmu uku. Na sayi tukunyar lantarki mai matse tururi ina haɗa mana abincin kwano ɗaya irin wanda ake ce ma kasarol saboda ba lokaci, amma sau da yawa sai ya kama a ƙasa tukunyar ta tsaya. Hajiyar maigidana kullum a waya sai ta ce ina ciyar da ɗanta abincin ragwaye. Yayarsa kuma tunda ta ga hoton abincin ta dage sai na fara sayarwa mu ƙara abun da muke turowa, har ta haɗa ni da wani ejan da zai min rajistar kamfani da sunana, wai daga baya ma zai samo min takardar ɗaukar nauyi a matsayin mai girki. Ya ce in tura hoton fasfo da rabin kuɗi kafin ƙarshen wata. Wallahi kaina ya ɗaure."

Toh ƙanwata, kama abincin ai ƙaramar matsala ce, za mu zo kanta. Bari in fara da wadda za ta iya kama ki ke kanki. Kar ki tura wa mutumin nan fasfo, kar ki tura masa ko sisi, kuma kar ki bari yayar maigidanki ta tura a madadinki tunda na san wataƙila tana da hoton takardunku a wayarta.

Ke kin san dokar awa 20 a sati lokacin karatu, kowane ɗalibi ya santa, amma ɗayan rabin sharaɗin shi mutane ke tsallakewa: mai bizar ɗalibi a Birtaniya ba a yarda ya yi sana'ar kansa ko kasuwanci ba kwata-kwata, ko na awa ɗaya ne a sati. Dafa abinci a kicin ɗinki ki ɗura a roba ki karɓi kuɗi, sana'ar kai ce. Zama daraktan kamfani kuma kasuwanci ne ko da kamfanin bai taɓa sayar da cokali ɗaya ba. Kinga abun da ejan ɗin yake kira taimako shi ne ya rubuta sunanki da adireshi a rajistar Companies House, wato hukumar rajistar kamfanoni, wadda kowa zai iya buɗewa a intanet kyauta ya duba, har da ma'aikatan Home Office, ma'aikatar da ke kula da biza, ranar da kika je sabunta biza. Wato da kuɗinki za ki sayi shaidar da za a kafa miki. Kuma ba ke kaɗai ba ce a kan bizar nan, maigidanki da yara uku duk a kanta suke rataye, in taki ta tsinke tasu ta tsinke.

Ita kuma maganar takardar ɗaukar nauyi, wadda ake ce ma CoS, ba kayan sayarwa ba ce. Kamfanin da yake da lasisi kuma yake da aiki na gaske shi ke bayarwa, kuma shi ya kamata ya biya kuɗinta ba ma'aikaci ba. Na ga irin wannan da idona ba sau ɗaya ba. Akwai wata da ta sayar da abun da ta mallaka ta biya, aka ba ta takarda, ta je adireshin wurin aikin ta tarar da shago a kulle, ba a jima ba aka ƙwace lasisin kamfanin aka aiko mata wasiƙar kwana 60 ta nemi wani mai ɗaukar nauyi ko ta bar ƙasar. Ejan ɗin ya canza lamba. Kuma wanda ya haɗa su ɗan uwanta ne na jini, shi ya sa ta kasa kai ƙara ko'ina, kullum haka abun yake zuwa, ta hannun wanda kike jin kunya. Duk mai ce miki "kafin ƙarshen wata" so yake ki biya kafin ki tambayi wani. A ƙasar nan laifi ne mutum ya ba da shawarar shige da fice in ba lauya ba ne ko mai rajista da IAA, hukumar da ke kula da masu ba da irin wannan shawara, wadda da ake kira OISC kafin a canza mata suna a 2025. Ki tambaye shi lambar rajistarsa kawai ki ga yadda muryarsa za ta canza. Makarantarku tana da ofishin ɗaliban ƙasashen waje, su doka ta yarda musu, shawararsu kyauta ce, can za ki je.

Na san za su dawo su ce toh a sa sunan maigida tunda shi bizarsa ta yarda ya yi sana'a. Eh shi an yarda masa, amma wa zai tsaya a kicin? Mutumin da yake aikin dare? Ke ce za ki dafa, kuma wannan ma sai kin kai wa ofishin makaranta sun duba kafin a motsa. Bayan haka sayar da abinci daga gida sai an yi rajista da kansil, wato ƙaramar hukuma, aƙalla kwana 28 kafin a fara, za su zo duba kicin, sai kin iya faɗin wanne daga cikin abubuwa 14 masu tayar da alaji, wato abincin da jikin wasu ba ya karɓa, ke cikin kowane kwano, ga mai gidan haya da wataƙila yarjejeniyarku ta hana. Rajistar kansil ɗin nan ma kyauta ce, ban san me ejan yake karɓar kuɗinsa ba.

Yanzu mu koma tukunya, dan ni a ganina ita ce ke riƙe da gidan nan a halin yanzu, gara ta yi aiki da kyau.

Dalilin da ya sa yake kama miki mai sauƙi ne. Tukunyar nan wutarta a ƙasa take kawai, kuma ba ta fara aiki sai ruwa ya tafasa ya zama tururi ya cika ta ya rufe bawul, daga nan zafin ciki ya wuce digiri 100 da ruwa ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ya kai wajen 115 zuwa sama kaɗan, shi ya sa take sauri. In abun da ke ƙasa mai kauri ne, kamar markaɗen tumatir ko madara ko cuku ko miyar da aka ɗaure da fulawa, ba ya ba da tururi da wuri, sai ya zauna a kan wuta ya ƙone kafin tukunyar ta cika, na'urar ciki ta ji zafi ya yi yawa ta rubuta miki Burn, wato ƙonewa, ta tsaya. Shi kasarol asalinsa abincin oban ne, mai kauri ne da gangan, shi ya sa in kika kwafo yadda ake yin sa a oban kika juye ciki dole ya kama.

Maganin shi ne jeri. Ki danna maɓallin suya ki soya albasa da nama, sannan ki zuba ruwan nama ko ruwa kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ki sa cokalin katako ki kankare ƙasan nan tas har ki ji ba abun da ya manne, wannan kankarar ita ce rabin aikin kuma ita mutane ke ƙiwa. Sai ki zuba shinkafa ko makaroni ki danna su cikin ruwan, tumatir ya zo a ƙarshe a sama, kuma dan Allah kar ki juya. Na san hannu yana ƙaiƙayi, nima na yi shekara ina juyawa ina zagin tukunya. Ki rufe haka. Cuku, madara, kirim, fulawar ɗaure miya, da ɗanyen ganye ko koren wake na firiza duk sai bayan kin buɗe, zafin da ya rage ya ishe su.

Na shinkafa da kaza: cinyar kaza a yanka ƙanana, farar shinkafa a wanke sosai, ruwa daidai da shinkafa kofi da kofi dan ba inda tururin zai gudu, minti 5 zuwa 6, sannan ki bar ta minti 10 tururin ya sauka da kansa kafin ki buɗe bawul. Na makaroni da niƙaƙƙen nama: ruwa ya ɗan rufe makaronin kawai, ki duba mintocin da aka rubuta a jikin leda ki raba biyu, in ya gama ki saki tururin kaɗan-kaɗan saboda kumfa na iya fesowa. Ki tuna mintocin nan ba su haɗa da minti 10 zuwa 15 da take ɗauka kafin ta cika ba, dan kar ki ce wa yara saura minti biyar su zo su tsaya miki a kai.

In kuma irin mai hawa-hawa kike so, dankali yanka-yanka da soyayyen nama da madara a tsakani, wannan ba ya shiga tukunya kai tsaye. Ki nemi kwanon da ke jure oban, mai faɗin santimita 18 yana shiga tukunya mai lita 6, ki jera komai ciki ki rufe da foyil dan kar ruwan murfi ya ɗiga, ki zuba ruwa kofi ɗaya da rabi a ƙasan tukunya, ki ɗora kwanon kan ɗan ƙarfen nan mai ƙafa da ya zo da ita wanda na tabbata yana cikin durowa ba ki taɓa amfani da shi ba. Wajen minti 25 in yankan siriri ne. A haka ba abun da zai kama tunda ruwa ne kawai a ƙasa. Sai dai tururi ba ya gasa saman abinci, zai fito fari fat ba kyan gani, ki barbaɗa cuku ki tura ƙarƙashin giril minti 3 zuwa 5 ya yi ja.

Kar ki cika ta ya wuce kashi biyu cikin uku, in wake ne ko shinkafa ko duk abun da ke kumbura rabi kawai. Kar ki sa ɗanyen nama da safe ki saita ta ta fara da yamma, naman zai wuni a ɗumi. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74. Sauran abinci ya shiga firij cikin awa 2, mai shinkafa cikin awa 1 kuma a cinye shi washegari, akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa ta hayayyafa in shinkafa ta daɗe a waje. Wanda ya wuce na gobe ki raba a robobi ki sa firiza, maigida in ya dawo da asuba ya ɗumama da kansa, hannunsa ba ciwo yake ba.

Toh sai Hajiya. Uwa ce, ba zan ce ki mayar mata da magana ba, kuma na fahimce ta, ɗanta ya yi nisa abincin da yake ci shi kaɗai ne abun da take jin tana da ta cewa a kai. Amma gaskiya ba ta yi miki adalci ba. Mace tana karatun digiri na uku, tana kai yara uku makaranta tana ɗauko su, ba mai aiki ba ƙanwa ba maƙwabciyar da za a miƙa wa yaro, kuma duk da haka kullum akwai abinci mai zafi da nama da ganye a gidan, a kira wannan ragwanci? Dafa abinci da matsin tururi ma ba yayin jiya ba ne, tun 1679 wani Bafaranshe Denis Papin ya ƙera irin tukunyar, ta lantarkin ce ta yaɗu bayan wadda ake kira Instant Pot ta fito daga Kanada a 2010. Wanda ya kamata ya yi wannan bayanin ba ke ba ce, ɗanta ne. Kuma nan ne nake da magana da maigidanki, dan a duk wasiƙar nan ban ji inda ya buɗe baki ba. Shi yake cin abincin, shi aka haifa a gidan, kalma ɗaya daga bakinsa cewa "Hajiya ina ƙoshi, kuma tana ƙoƙari" ta fi bayaninki na awa guda. In ya yi shiru ana caccakar matarsa a waya dan kar ransa ya ɓaci, ya zaɓi sauƙin kansa ne.

Ita yayarsa kuwa ban ce mugunta take nufi ba, ganin kitse take wa rogo, hoto ta gani ta lissafa riba. Amma ki lura da abu ɗaya, a gida ɗaya ana ce miki abincin bai isa a ba ɗansu ba, kuma ana ce miki ya isa a sayar a turo kuɗi. Taimakon iyaye wajibi ne daidai ƙarfi, ba wanda ya ɗora miki ki jefa zaman mutum biyar a haɗari dan a ƙara abun da ake turawa. In biza ta lalace ko wanda ake samu yanzu ba za a samu ba, kuma ranar ba za ki ji wanda zai ce ni na ba da shawarar ba. Ku zauna da maigida ku tsayar da abun da za ku iya turawa duk wata daga albashinsa da awoyin da aka yarda miki, shi ya faɗa musu da bakinsa, kuma shi zai kira yayarsa ya ce maganar kamfani babu ita, doka ta hana. Ke iyakarki "Yaya na so a ce zai yiwu, amma makaranta sun ce a'a", shikenan, kar ki ƙara.

Ki ɗan rage sa hoton abinci a waya na kwana biyu. Kuma ki duba robar murfin tukunyar, in ta saki ko ta tsage tururi zai riƙa zurarewa ta gefe ruwan ya ƙafe, wannan ma yana sa ta kama ko da kin jera komai daidai, ana canza ta bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In kin gwada na dankalin ki rubuto min yadda ya fito.