Filin Makanikai: Haƙori ɗaya a sarkar taimin ya isa ya kashe wa Peugeot 504 ƙarfi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 ta fetur, haɗin Kaduna. An sauke inji an sa sabuwar sarkar taimin, amma tun daga ranar ba ta da ƙarfi a hawa, da safe sai an sha fama kafin ta tashi, wani lokaci har ta yi atishawa ta kafireta. Bakanike ya murɗa dilko ya fi a ƙirga, ba ta sauya zani ba. Ina matsalar take? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Taimin iri biyu ne a injinka, kuma da alama wanda ba shi da laifi ake ta murɗawa. Dilko lokacin tartsatsin filogi yake saitawa. Sarka kuwa ita ke ƙayyade lokacin buɗewa da rufewar bawul, domin ita ta haɗa karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul: karanshaf ya zagaya sau biyu, kamshaf sau ɗaya. Idan aka ɗora ta da kuskuren haƙori ɗaya, ko kwana aka yi ana juya dilko bawul ba za su dawo daidai ba. A ce gilar kamshaf, wato faifan mai haƙora da sarka ke hawa, haƙora 40 gare ta, haƙori ɗaya digiri 9 ke nan a kamshaf, digiri 18 a karanshaf.

Kafin a kwance gaban inji, a fara tambayar bawul ɗin da kansu. Inji ya huce sarai, a cire kan batir, a sa giya a firi, a fitar da filogi huɗun, a buɗe murfin roka, wato ƙarafunan da ke danna bawul. A daidaita tafet tukuna, wato 'yar tazarar da ke tsakanin roka da bawul, don tafet mara saiti yana yaudara: a injin 504 mai cc 1971 ana ba bawul na shiga 0.10 mm, na fita 0.25 mm. Sai a zura siririn ƙarfe mai santsi ta ramin filogin silinda ta 1, wato ta wajen kuloci, a juya karanshaf da hannu ta inda inji yake juyawa, har fistin ya kai ƙololuwa. A nan fistin yakan ɗan tsaya cik ko da karanshaf na motsi, saboda haka a yi alama a fulin karanshaf inda ƙarfen ya daina hawa, a yi wata inda ya fara sauka. Tsakiyarsu ita ce ƙololuwa ta gaskiya.

Fistin na 1 da na 4 tare suke hawa. A ƙololuwar, ɗaya daga cikin silindojin biyu bawul ɗinta duka a rufe suke, ɗayar kuma za ka ga rokokinta suna musayar aiki: na fita yana ƙarasa rufewa, na shiga yana fara buɗewa. Idan ka ɗan kaɗa fuli gaba da baya, wannan ya nitse wancan ya ɗago, kamar sikeli. Wannan musaya dole ta faɗo dab da alamarka. A fuli mai faɗin santimita 15, digiri 18 kusan santimita biyu da rabi ne a bakinsa, ido ma zai gani. Idan sai an wuce alamar ake samun musayar, kamshaf ya makara: inji ba ya ja daga ƙasa, matsi ya ragu, tashi ya yi wuya, abin da ka kwatanta ke nan. Idan ta riga alamar, kamshaf ya yi gaggawa, sai ka ji ƙarar ƙwanƙwasa a hawa, gudu kuma ya ƙi.

In an tabbatar, sai a sauke lagireto da fanka da fuli da murfin taimin. A mayar da ajasta, wato abin da ke tsuke sarka, baya a kulle ta, a cire gilar kamshaf tare da sarkar. Muddin sarka ba ta kan gila, kada a yi ta juya karanshaf ko kamshaf da ƙarfi, fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa shi. Sarka ta ƙwarai tana zuwa da zobba masu launi daban: biyun da ke jere su sa alamar gilar kamshaf a tsakiya, guda ɗayan ya hau alamar gilar karanshaf. Ɓangaren sarkar da ba ajasta ya kasance a miƙe, duk sakin ya koma wajen ajasta. A ɗaure kusoshi da sabon makullinsu, a saki ajasta. Da baƙin mai take aiki, don haka a duba ramin man da ke bayanta bai toshe ba.

Kada a rufe murfi sai an juya inji zagaye biyu cur da hannu an sake gwajin roka. In ya cije a hanya, a tsaya, ba a tilasta masa. Zobba masu launin ba za su koma kan alamominsu bayan zagaye biyu ba, wannan ba laifi ba ne. Daga nan ne ake komawa kan dilko, tunda kamshaf ne ke juya shi. Jerin wuta 1-3-4-2 ne, kuma Faransawa daga wajen kuloci suke fara ƙirga silinda, ba daga wajen fanka ba.

Tambaya: An kai tof silinda na Mercedes 240D an kankare. Wai hakan na taɓa taimin? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Yana taɓawa, Alhaji. A wannan injin kamshaf a saman tof yake, kankarewa na rage tazararsa da karanshaf, sarka ta sami saki, kamshaf ya makara. Tsohuwar sarka da ta miƙe ma haka take yi. A juya inji gaba har alamar kamshaf ta haɗu da ta mazauninsa, a karanta digirin da ke jikin fulin karanshaf, shi zai nuna girman makarar. In sarka ce ta tsufa a sauya ta. In sabuwa ce kuma da saura, akwai ɗan ƙarfen da ke riƙe gila a jikin kamshaf, mai ɗan kauce, da aka ƙera don cike wannan gibi. A 504 ta fetur kamshaf a cikin bulok yake, kankare tof ba ya motsa shi, tafet kawai za a sake saitawa.